Athol Pengilly da Ciyawar da ke Kwana a Ɗakin Wanki

"Bana ke za ki haƙa, Farfesa. Ni kujera zan jawo in zauna ina gaya miki inda kika yi kuskure. Alkawari ne. Ni da ciyawar nan sai mun cika hunturu talatin."

Haka ka ce mini, Athol, ranar Lahadin farko ta watan Maris, kana jingine da shingen da ya raba gidanka da nawa, kofin shayi a hannunka. Ban roƙe ka ba. Da bakinka ka ɗauki alkawarin, kai kuma ka saɓa shi. Ranar Talata, ashirin da biyar ga Maris, 2025, da la'asar, ka rasu a kan kujerarka ta baranda, hularka a kan gwiwa, kana da shekara tamanin da uku. Hunturu ashirin da tara ciyawar ta yi a gidanka. Saura ɗaya tak, ka kasa jira.

Kwana uku na yi ina fushi da kai. Ranar jana'iza a coci kowa yana cewa ka tafi cikin sauƙi, babu jinya, babu wahalar da kowa, ni kuwa ina zaune a layi na biyu ina cewa a raina ko mutuwar ma sai da ka yi ta yadda ba za a samu abin yi maka faɗa ba. A rana ta huɗu fushin ya sauka. Na duba na ga babu abin da zan yi maka baƙin cikinsa. Ka rayu yadda kake so, a gidan da kake so, ka mutu rana tana dukan ƙafafunka. Mai tsara wannan 'yar jarida ta garinmu ya ce in rubuta layi goma a kanka. Sai dai ya yi haƙuri.

Duk Uralla an san ka, amma saboda waɗanda suka zo daga baya zan faɗa. Athol Pengilly mai askin tumaki ne. Shekara arba'in ya yi yana bin rumfunan aski daga nan har yammacin jiha, har bayansa ya tanƙware, yatsunsa suka daina miƙewa sosai. Matarsa Merle 'yar Mackay ce, 'yar manomin rake, ta rasu shekara goma sha shida da suka wuce. Ɗansu ɗaya, Warwick, yana zaune a bakin teku kusa da Brisbane. Ni kuma Glenys Harrower ce, mai aiki a ɗakin karatu, maƙwabciyarsa ta shekara goma sha uku da 'yan watanni, wadda ya laƙaba wa Farfesa don ya ga ba na iya dafa ƙwai sai na duba littafi.

Ka tuna yadda muka fara. Na zo daga Townsville da aure a mace, da akwatunan littattafai goma sha ɗaya, da haushin duniya baki ɗaya. Na sayi jar kyasuwa guda shida na jera a gaban matakala, domin a can ita ce ciyawar da ba a tunaninta: ka dasa, ka manta, ta yi ta kaɗa zangarniyarta mai laushi kamar wutsiyar kyanwa shekara da shekaru. Da watan Mayu ya zo, bakin hunturunmu na nan, na ga ganyen ya fara bushewa, na ɗauko almakashi na aske su ƙasa-ƙasa don gida ya yi tsabta. Farar raɓa mai daskarewa ta sauka a kansu wata uku. A Satumba na taɓa gindin ɗaya, ya narke a hannuna kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ina tsaye ina zagin ciyawa, da mai sayar da ita, da tsohon mijina da ba shi da hannu a lamarin, sai na ji murya daga bayan shinge.

"Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba ruwanka."

Ka leƙo ka dubi gawarwakin, ka ce, "'Yar Queensland ce ke, ko? Duk haka kuke. Kuna zaton ƙasa ko'ina tana da ɗumi. Na taɓa ganin tumaki ɗari biyu da aka yi wa aski, sanyi ya sauko musu kafin gashi ya fito. Da safe a mota muka kwashe su. Abin da kika yi ke nan."

Na ce ban nemi wa'azi ba. Ka ce, "Na sani. Zo bakin shinge ki ga wani abu." Ka shiga ɗakin wanki ka turo baro, a cikinsa wata tsohuwar tukunyar roba, a cikinta wani dunƙulen busasshen ganye an ɗaure shi da igiya, abin da ni da na gani a hanya sai in ce shara ce. Ka buɗa tsakiyarsa da yatsa. Can ƙasa, wasu 'yan tsirai ja, ba su kai tsawon ashana ba. Ka ce, "Wannan ta Merle ce. Ba ta son sanyi, ita ma mai ita haka take."

Ban san Merle ba, amma na san labarin har na iya shi da ka. A 1996 mahaifiyarta ta rasu a Mackay. Bayan an binne ta, 'yan'uwa suna rabon kwanuka da kujeru, Merle ta fita tsakar gida da shebur ta yanko rabin jar kyasuwar da ke bakin famfo, ta sa a bokiti, kuka yi kwana biyu a mota da ita a kujerar baya. Ka ce mata ba za ta ga ƙarshen Yuni ba. Ta ce to ita da ciyawar za su kwana ɗaki ɗaya. Ba su kwana ɗaki ɗaya ba, amma ɗakin wanki ya rasa rabin filinsa daga ranar har yau. Duk tsarin da mutane suke cewa naka ne, nata ne. Kai ka gada, ka kuma riƙe shi da amana fiye da yadda wasu ke riƙe gonar ubansu.

Zan rubuta tsarin a nan, tunda ba ka taɓa yarda ka rubuta ba. Idan bishiyoyin bakin rafi suka yi rawaya, a fara shiri, kada kuma a yarda ranar Anzac, ashirin da biyar ga Afrilu, ta same ta a waje. A tattare ganyen a ɗaure da igiya, a rage kashi ɗaya cikin uku daga sama, ba fiye ba, don ganyen da ya bushe shi ne bargonta. A kewaye gindin da shebur, tazarar taƙi ɗaya, a ɗago ta da ƙasarta. A sa a tukunya, a ajiye kusa da tagar ɗakin wanki, inda akwai haske amma ba zafi, inda akwai sanyi amma ruwa ba ya daskarewa. Ruwa kofin shayi ɗaya duk mako biyu. Kofin shayi, ba buta ba. Kada a fito da ita sai an yi tseren dawakin Melbourne a farkon Nuwamba, ko da Oktoba ta yi ɗumin da za a cire riga. A lokacin ne ake aske tsohon ganye, a raba tushen da tsohuwar wuƙar burodi, a mayar da uwar gurbinta a jikin bangon da ke kallon arewa.

Sau biyu ka ba ni 'yarta, sau biyu na kashe. Ta farko na bi wani littafi mai hotuna masu kyau, na ajiye ta kusa da murhu ina ba ta ruwa duk Lahadi, ta ruɓe daga ƙasa. Ka karɓi littafin ta saman shinge, ka juya bayansa ka ce, "Mutumin nan ya taɓa kwana a Uralla?" Ta biyu na kai ta har tsakiyar Oktoba lafiya lau, sai aka yi mako guda na rana mai daɗi, na ce tsohon nan camfi ne da shi, me ya haɗa ciyawa da dawaki. Na dasa ta ranar Alhamis. Ranar Litinin da safe tsakar gida ta wayi gari fara fat da daskararriyar raɓa. Ka leƙo ka duba, ka koma ga shayinka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Daga nan na ce na haƙura, zan riƙa kallon taka daga tagar kicin. Kallon kuwa ya ishe ni. Daga Janairu zuwa Afrilu, da yamma idan rana ta karkata ta bi ta cikin ganyen nan mai ruwan makuba, sai duk bangon ya zama kamar garwashi. Na wanke kwanuka da yawa a hankali saboda ita.

Akwai shekarar da wata ma'aikaciya mai yaƙi da mugayen ciyayi ta tsaya a ƙofarka. Aikinta take yi, kuma da gaskiyarta, domin 'yar'uwar wannan ciyawa, koriyar, tana zuba iri tana cinye makiyaya. Ni ina bakin shinge har na fara tattara dokoki a kaina zan yi mata ruwan magana. Kai kuwa ka ɗora shayi, ka shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ka karyo zangarniya uku ka ba ta ka ce ta murza da kanta. Ta murza, ta hura, ta duba da gilashi. Gashi kawai. Ka ce, "Shekara nawa tana nan, ba ta taɓa haifar ko ɗaya da kanta ba. In ba a raba ta da hannu ba, ta ƙare." Matar ta sha shayi kofi biyu ta tafi. Ka juyo ka ce mini, "Mayar da wuƙarki kube, Farfesa, yau ba yaƙi."

Haka ka yi da ni shekara goma sha uku. Duk safiyar da na fito da takarda a hannu, fuska a murtuke, sai ka ce, "To, wa za mu rataye yau?" In karanta maka wasiƙar da na rubuta wa hukuma, ko wa jarida, ko wa wani marubuci da ya ɓata mini rai, ka saurara har ƙarshe, ka yi dariya a inda ya dace, sannan ka ce, "Ta yi kyau. Bar ta ta kwana." Rabinsu da suka kwana ba su tashi ba, garin nan kuma bai san bashin godiyar da ke kansa ba.

Wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba: ba ka taɓa taka tsakar gidana ba sai na ce ka shigo, ni ma ban taɓa taka naka ba. Shingen nan bai kai ƙirjina ba, amma a wurinka iyaka ce. Kullum sai ka tsaya ka kira suna, ka jira a amsa. Lokacin da aka yi mini aikin gwiwa, mako uku kana ɗora kwanon miya a kan shebur mai dogon ƙota kana miƙo mini ta saman shinge har bakin tagar kicin, don ban ce ka shigo ba, ni kuma girman kai ya hana ni cewa. Miyar ba ta da gishiri. Ban taɓa gaya maka ba. Itacen da kake faskarawa kana jefowa ɗaya-ɗaya a watan Yuli, kana cewa ya yi maka yawa, na san bai yi maka yawa ba.

Bayan jana'iza na ɗauki ɗan littafin lambobinka da Warwick ya bar mini, na shiga buga waya ina sanar da mutanenka na nesa. Duk wanda na samu, bayan gaisuwa sai in tambayi ciyawar, domin na san duk Nuwamba kana rabawa kana aikawa, kana kuma jin daɗin labarin yadda take rayuwa a kowane wuri. Na tuna yadda kake ba ni labarin kamar na jikoki. Ta wurin abokin askinka a Darwin ba ta san hutu ba, sau biyu a shekara ake aske ta, abin tsoronta kawai damina ta jiƙa mata gindi. Ta Mildura tana kwana a waje, a tara mata tattaka a gindi, a bar mata busasshen ganyenta har bazara, ta farfaɗo. Ta Ballarat sai ɗaki, kamar tamu. Tasmania kuwa ka ƙi aikawa ko da aka roƙe ka, ka ce dokar shigar da tsirrai ba wasa ba ce.

Ga abin da na samo, Athol, kuma gara da ba ka ji ba. Abokinka na Darwin ya koma bene, ya bar gidan. Matar da ke riƙe da ta Mildura ta rasu bara, sababbin masu gidan sun shimfiɗa tsakuwa. Ta Ballarat an manta ta a waje shekarar da mai ita ya kwanta asibiti. Na kira Anti Dulcie, ƙanwar Merle, a Mackay, na tambayi ta bakin famfo, asalin uwar. Ta ce, "Ai 'yar nan, gidan Mama siminti ne yanzu, motoci ke kwana a wurin." Sannan ta ce, "Ta wurin Athol tana nan dai, ko?"

Na ce tana nan. Tana nan kuwa, taku shida daga tagar kicina, a jikin bango, ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ita kaɗai ta rage. Ƙofar gidanka kuma da kwaɗo.

Yanzu zan juya ga Warwick, kuma zan yi ƙoƙari in yi magana yadda za ka so. A ƙofar coci na kama hannunsa na gaya masa ciyawar tana bukatar a shigar da ita kafin sanyi. Ya ce, "Kada ki damu, Glenys, Asabar zan zo da makulli." Asabar ɗin, biyar ga Afrilu, ta zo ta wuce. Na kira shi. Ya ce aiki ya riƙe shi, dillalin gida kuma ya ce kada kowa ya shiga sai an zo an duba, amma Asabar mai zuwa babu fashi. Ta goma sha biyu ma ta wuce. Na sake kira, ya ce, "Glenys, ciyawa ce fa. A nan kowane shataletale akwai ta, ba mai kai ta ɗaki. In ta mutu sai in saya miki wata."

Ban yi masa ihu ba, ka shaida. Na ajiye wayar na zagaya tebur sau huɗu. Da na huce sai na gane muryar da na ji: tawa ce, ta shekarar da na zo da almakashi. Warwick ya bar gida kafin bokitin nan ya iso daga Mackay. Shekara talatin yana zaune inda raɓa ba ta daskarewa. Da Kirsimeti yake zuwa, lokacin da ciyawar take tsaye a waje tana rawa kamar ba ta taɓa bukatar kowa ba. Bai taɓa ganin ka a watan Yuli ba, da rigar sanyi biyu, kana auna mata ruwa da kofin mahaifiyarsa. Ba mugu ba ne. Ɗan bakin teku ne, kuma maraya ne na mako uku. Amma sanyi ba ya tambayar dalilin mutum. Bishiyoyin bakin rafi sun yi rawaya tun makon jiya, shekaranjiya da asuba ma'aunin barandata ya nuna digiri uku.

Wannan rubutun ma na bar shi ya kwana, har kwana biyu. Ya tashi.

Allah ya jiƙanka, Athol Pengilly. Ya gafarta maka kurakuranka, waɗanda na sani ba su da yawa, ya karɓe ka da irin haƙurin da ka yi da mu. Ya miƙar maka da bayan nan da tumaki suka tanƙwara, ya sada ka da Merle a inda babu wanda zai ƙara jin sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Dulcie, da tsofaffin abokan askinka da suka ɗauki akwatinka, da dukan mutanen layinmu da za su ga baranda babu kowa. Ina miƙa ta musamman ga Warwick da matarsa da 'ya'yansu biyu. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya muku zuciya. Mahaifinku mutumin kirki ne, kuma kullum da alfahari yake ambaton sunanka, Warwick. Wannan gaskiya ce, ba don in tausasa abin da ke tafe na faɗa ba.

Ga abin da ke tafe. Zan aika maka da wannan jarida ta gidan waya yau Litinin, in kuma karanta maka ta waya in ka ɗauka. Ina jiranka da makulli har ƙarfe goma na safiyar Asabar, goma sha tara ga Afrilu. In ka zo, akwai shayi, kai za ka riƙe igiya ni in haƙa. In ba ka zo ba, ƙarfe goma da minti ɗaya, da rana tsaka, a gaban duk wanda ke son kallo, zan jingina tsani a shingen nan in haura da sabuwar gwiwata da shebur. Ba zan taɓa ƙofa ba, ba zan tsinki ko lemo ɗaya ba. Zan ɗago ciyawar kakarka da ƙasarta, in cike ramin, in kai ta ɗakin wankina, wanda na riga na kwashe littattafan da ke ciki. Kofin shayi ɗaya duk mako biyu. In dillali yana da magana, ya san inda ɗakin karatu yake.

Bayan tseren dawaki zan raba ta huɗu. Ɗaya ta koma Mackay wurin Anti Dulcie. Biyu su zauna a Uralla, a gida biyu dabam, don kada ta sake rataya a kan mutum ɗaya. Ta huɗun taka ce, Warwick. Ka dasa ta a bakin famfo. A can ba za ta nemi ka zo mata ranar Asabar ba.

Kai kuma, tsoho, ka ce ni zan haƙa bana, wannan rabin alkawarin zai cika. Shekara goma sha uku ban taka gidanka ba tare da izini ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Zan tsaya a kan tsani in kira sunanka, in jira kamar yadda ka koya mini. In ba ka ce a'a ba, zan sauka.